Ranar da Sabo ya yi wa Bature liƙi

Tsohon Bature na tsalle da gita, zufa sharkaf, sai ga abokina Sabo direba ya haye dandamali ya manna masa riyal a goshi.

A wani ɗan zaure ne a unguwar Ulaya, farkon ba da izinin wasan kiɗa a Riyadh. Makaɗan rok ne, kiɗan Turawa, duk sun yi furfura.

Masu gadi suka cafke Sabo, suna tambayar iƙama, wato katin izinin zama. Da ƙyar na ƙwato shi.

Na ce, "Sabo, so kake a tasa ƙeyarka Kano?"

Ya ce, "Haba! Dattijo na ta tsalle, ba mai liƙa masa. Da ana yi, ai da tuni ya yi ritaya."

Jama'a, tausayi ne wannan, ko neman jirgin gida kyauta?