Kaskon Turare a Ɗakin Masu Ciwon Ƙirji

Shekarun da na yi ina wakiltar ma'aikatan jinya na asibitinmu a ƙungiya, duk kukan da aka kawo mini a ɗan littafin aljihu nake rubuta shi, da ajami, domin da shi hannuna ya fi sauri. Yawancin shafukan na manta abin da ke ciki, alhamdu lillahi. Na maganar turare ne ya ƙi barina.

A ɗakin maza masu ciwon ƙirji, magudanar da ake juye fo ta toshe tun farkon damina. Ruwan ƙazanta ya riƙa dawowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi ƙirin, tsutsotsi na motsi a ciki. Ma'aikata kan ɗauki fo su zagaya bayan gini, yana ɗiga a kan takalmansu. Na kai kuka ofis har masinja ya daina ɗaga kai in ya gan ni. Amsa ɗaya ce kullum: ana dubawa.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo ganin asibiti. Mu mutanen Maiduguri ba a koya mana turare. Shugabar ma'aikatan jinya ta aiko da kasko cike da garwashi, da turaren wuta mai tsada, ta ce a turara ɗakin kafin su iso.

Mai aikin safe ranar wata sista ce da ke zaune a Gomari, uwar 'ya'ya uku, marar yawan magana. Ta dubi kaskon. Ta dubi wani dattijo mai asma da ke jan numfashi da ƙyar, ga tukunyar iska a gefen kansa. Ta fitar da kaskon waje ta sheƙa masa ruwa. Baƙi suka shigo, suka toshe hanci da hannun riga, suka fice. Washegari aka ba ta takardar tuhuma: ta ƙi bin umarni, ta kunyata asibiti, za a dakatar da ita daga aiki.

Ta tare ni ina fitowa daga masallaci bayan azahar.

"Baba Malam, an ce in sa hannu in ba da haƙuri, magana ta mutu."

"Kin sa?"

"Biro na nema, an ɗauke nawa."

"Allah ya shiryi ɓarawon, amma yau ya yi aikin lada. Kada ki sa hannu a komai, 'yata. Kada kuma ki shiga ofishin nan ke kaɗai."

Ranar zama muka shiga tare. Ofis sanyi ƙalau, sakataren asibiti a kujerarsa, shugaba a gefe.

"Malam," in ji shugaba, "kai ma ka sani, ba a tarbar baƙo da wari."

"Gaskiyarki, Hajiya." Na juya wajen sakatare. "Ranka ya daɗe, roƙo ɗaya ƙungiya take yi. Tunda a ɗakin aka yi laifin, a je can a yi zaman."

Ya rasa hujjar ƙi. Aka jera mana benci dab da ƙofar magudanar. Na yi bisimilla, na buɗe littafina, na fara karanta ranakun da na kai kuka da amsar da aka ba ni, ɗaya bayan ɗaya. Ni dama ba mai gaggawa ba ne, ranar kuwa na ƙara. Ƙudaje suka sauka a kan fayil. Shugaba ta ja mayafi ta rufe baki. Sakatare ya ɗaga ƙafafunsa, domin ruwan ya kusa taɓa takalminsa.

"A janye takardar," ya ce ta cikin hankici.

"Saura shafi huɗu, ranka ya daɗe."

"Na ce a janye!"

Sista ta koma bakin aikinta a ranar, dattijon kuma aka sallame shi da ƙafarsa.

Bayan mako guda aka kawo kwali daga ofis. Muka taru muna zaton kayan gyaran magudana ne. Muka buɗe, sai gwangwanayen turaren feshi, wai shi ba ya hayaƙi. Wa'iyazu billahi. Magudanar kuwa sai da damina ta wuce, rana ta busar da ita da kanta.

Da yammar ranar da kwalin ya zo na koma gida Mafoni, uwargida ta tarbe ni da kasko kamar yadda ta saba tun aurenmu. Na roƙe ta, don Allah, ta fita da shi tsakar gida.