Nauyin Tela a Gaban Surukinsa

Ni dai na yi yawo a duniya daidai gwargwado. Na hau kwalekwale a Baga, na tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, na taɓa yin amai a tekun Kwatano har wani Bayarabe ya tausaya ya ba ni lemun tsami. Amma ban taɓa zaton a Makka, garin da duk inda ka juya dutse ne ke kallonka, za a nemi shawarata kan kayan wasan ruwa ba.

Wanda ya nemi shawarar abokina ne, tela, Badamagare, shagonsa na ƙasan gidan da nake haya a Rusaifa. Ni kuwa Bakano ne, don haka tun da muka san juna ba mu taɓa gaisawa babu tsokana ba. Mutum ne mai jiki, masha Allah. In ya zauna gaban keken ɗinki, keken ɓuya yake yi. Likita ya ce masa sukari ya hau, dole ya riƙa motsa jiki. Hajiyarsa ta ce ya bi ta tattaki da sassafe. Ya bi ta sau ɗaya, ya dawo ya ce shi ba rago ba ne da za a riƙa zagaye unguwa da shi.

Wata rana na shiga shagon, sai ya miƙo mini waya.

"Bakano, kai da ka ga duniya, mene ne wannan?"

Na duba. Wani mutum ne tsaye a kan allo a teku, riƙe da wani fiffike na leda da aka hura wa iska, kamar ƙaton jemage. Can sai allon ya rabu da ruwan ya tashi sama, ba abin da ke riƙe da shi sai wani ƙarfe siriri a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Wannan hanya ce ta zuwa lahira da sauri."

Ya ce, "A Jidda ake yi. Shi zan yi."

Na yi dariya har na zauna a kan yadin mutane. Da na ga bai yi ba, sai na tambaye shi dalili. Ya gyara zare a allura, sannan ya faɗa mini.

Ashe maganar surukinsa ce, mijin 'yarsa. Tela bai da ɗa namiji. 'Yarsa ta fari ta auri wani yaro haifaffen unguwar Utaibiyya a nan Makka, kakanninsa ta Sudan suka zo, Hausarsa rabinta Larabci. Yaron kirki. To da za a yi auren, sai 'yar ta zaunar da shi ta koya masa yadda ake kunyar suruki a can gida: ba a kallonsa ido cikin ido, ba a cin abinci tare da shi, ba a doguwar hira. Yaro ya riƙe karatun nan fiye da yadda aka ba shi. In tela ya shigo falo, shi ya fita. In tela ya yi tari, ya miƙe tsaye. Shi ke kai shi asibiti, shi ke riƙe masa ledar magani, amma duk maganar da zai yi masa sai ya juya ya faɗa wa wanda ke kusa.

"Bai san fuskata ba," in ji tela. "Ƙafafuna ya sani, su ma a kumbure. A wurinsa ni majinyaci ne kawai. Ina so sau ɗaya ya ɗago kai ya gan ni tsaye a kan wani abu da ba sikelin likita ba."

Daga nan ban sake dariya ba. Wato dai ban sake yi a gabansa ba.

Ranar Asabar muka kama hanyar Jidda, surukin ke tuƙi. Tela a baya, ni a gaba, ina aikin tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin yaren juna.

"Ammi," in ji yaron, haka yake kirana, wato baffa da Larabci, "ka tambayi Baba ko sanyin motar ya yi masa yawa."

Na waiwaya na ce, "An ce ko sanyi ya yi maka yawa."

"Ka ce masa ya yi daidai."

"An ce ya yi daidai."

Shagon kayan yana bakin teku, arewa da gari. Mai shagon wani siririn Balarabe ne da rana ta gasa, ga alluna jingine a bango manya da ƙanana. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a riƙa shiga ruwan. Tela ya ce da safe, don bayan la'asar yana shago, lokacin ne masu ɗinki ke zuwa.

Mai shago ya kama haɓa. Ya ce ai iskar kirki da yamma take zuwa, ta safe raguwa ce, sai an lallaɓa ta. Wanda zai yi wasa da irin wannan iska, komai nasa sai ya zama babba. Fiffike babba, don ya tattara ɗan abin da ke kaɗawa. Ƙarfen ƙasan allo mai faɗi, don ya ɗaga mutum tun bai yi gudu ba. Allo kuma dogo mai kauri, wanda zai ɗauke ka ko iska ta ɗauke ɗif kana tsaye. Ya ce allo da lita ake auna shi, kuma ga ɗan koyo dole litar allo ta ɗara kilon mutum sosai.

Sai ya yi tambayar da ta jawo mana komai.

"Ya hajj, kilo nawa ne kai?"

Tela ya dubi inda surukinsa ke tsaye. Ya gyara wuyan jallabiya, ya ja ciki ciki iyakar ƙarfinsa.

"Tamanin," in ji shi.

Tari ya sarƙe ni. Tamanin ɗin nan na san ta, tun zamanin da ya sauka Jidda da akwatin ƙarfe ya bar ta a filin jirgi. Na kalli surukin, wanda shi ke tsaye a gefen sikeli duk zuwa asibiti. Yaro ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama kamar shi ya ƙera ta.

Mai shago ya dubi tela daga hula har takalmi. Jallabiya dai tana rufa asiri, amma tana da iyaka. Ya ce cikin ladabi, ko da tamanin ɗin ce, ga wani babban allo can, ya fi kwanciyar hankali.

Tela ya kalli allon ya ce da Hausa, "Wannan ai ƙofar gareji ce. In hau wannan a gaban yaron nan?" Ya nuna wani siriri mai ja da fari. "Wancan nake so."

Na ce, "Badamagare, wancan ko ƙafarka ɗaya ba zai ɗauka ba."

"Kanawa dai hassada," in ji shi.

Mai shago ya ce to a gwada tukuna, in bai yi ba a canza. Ya kawo rigar ruwa irin mai manne wa jiki. Tela ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya juya ɗinkin ya duba, ya ce aikin ba laifi amma shi ba zai shiga safa a gaban suruki ba. Dama ya zo da shirinsa: wando har idon sawu da riga har gwiwa, shi ya ɗinka abinsa da yadin labule.

Aka hura fiffike da famfo, aka ɗaura masa igiyarsa a hannu, ta allo a ƙugu. Teku kwance lumui kamar an shimfiɗa darduma. Tun kafin tela ya taɓa ruwa, surukin ya juya baya ya fuskanci wurin ajiye motoci, hannu a harɗe.

Tela ya ɗora gwiwa ɗaya, allo ya yi ƙasa. Ya ɗora ta biyu, allo ya ɓace. Ya yunƙura zai miƙe, sai ga shi tsaye cikin ruwa har ƙirji, allon na can ƙarƙashinsa yana neman hanyar tsira. Da ya samu hanyar kuwa, ya fito ta baya kamar kifi, tela ya tafi ta gaba, fiffiken ya sauko a hankali ya rufe shi kamar tanti a Mina.

Na ƙwala kira, "Jama'a, Damagaram ta nutse!"

Daga ƙarƙashin leda na ji murya: "Iska ce babu!"

Ya sake gwadawa, ya sake, har rigar labule ta sha ruwa ta ƙara masa nauyin da bai nema ba. Daga baya ya fito ya zauna a kan yashi yana haki, idanu jajur saboda gishiri. Na tsuguna kusa da shi.

"Ka gaya wa mutumin nan gaskiya mana."

"A gaban yaron?"

Ban san ko yaron ya ji ba. Sai dai ya matso da baya da baya, har yanzu yana kallon motoci, ya ce, "Ammi, ka gaya wa Baba zan tafi neman shayi. Wurin ba'id ne, nesa sosai. Zan daɗe."

Ga mai shayi nan a gefenmu, har muna jin ƙamshin na'ana'a. Yaro ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya miƙe bakin teku har ya zama ɗan ɗigo.

Muka koma shago, tela ya hau sikeli. Abin da sikelin ya nuna amana ce, ba zan faɗa ba. Mai shago dai ya leƙa ya ce, "Masha Allah, tabarakallah," ya shiga ciki ya jawo ƙofar garejin nan. Ya haɗa da fiffiken da ya kusa rufe shagon, da ƙarfen ƙasa mai faɗi kamar faranti na walima.

Allon nan ya ɗauki tela bai ce uffan ba.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Mu yi asuba a Makka, mu kama hanya. Tela ya koyi durƙuso a kan allo, ya koyi miƙewa, ya koyi riƙe fiffike sama da kai yana tafiya a hankali kamar mai tallan katifa. Tashi sama dai bai zo ba. Amma wandon labule ya fara yi masa yawa har ya rage ƙugun, likita ma ya daina ɗaure fuska. Suruki kuwa ya haddace lambar kowace mota a wurin nan, don bai taɓa juyowa ba.

Wata safiya iska ta ɗan motsa, irin wadda ba ta wuce ta kaɗa gefen rawani ba. Ina zaune ina cin gyaɗa sai na ga tela yana jan fiffike yana saki, yana ja yana saki, yana danna allo da ƙafa kamar yana taka keken ɗinki. Allo ya fara gudu. Ƙarar ruwan ta ɗauke. Sai ga abokina, da tumbinsa da labulensa, ya rabu da teku ya tashi sama.

Na miƙe, gyaɗa ta zube. Tela ya biyo ta kusa da gaɓa, ido waje, ya hango ƙeyar surukinsa.

"Bakano! Ka ce masa ya juyo!"

Na kai hannu kunne na ce, "Me? Ba na ji!"

"Ka ce ya juyo!"

"Iska ta yi yawa, faɗa masa da kanka!"

Wace iska? Ko kyandir ba za ta kashe ba. Ya harare ni daga sama, sannan ya buɗe murya yadda duk bakin tekun ya ji:

"Kai ɗana! Juyo ka ga ubanka!"

Yaro ya juyo a firgice. Ya ɗaga kai, karo na farko, ya sauke ido a fuskar surukinsa. Ya ɗora hannu biyu a ka yana ihu, "Allahu akbar! Ya Baba! Ya Baba, kana tashi!"

Daɗi ya kama tela, ya saki hannu ɗaya don ya ɗaga masa. Mai shago ya sha gaya masa kada ya yi haka. Fiffike ya yi gabas, allo ya yi yamma, teku ta karɓi baƙonta da ƙarar da ta tashi tsuntsaye.

Kafin in cire takalmi, yaro ya faɗa ruwa da farar jallabiyarsa da waya a aljihu. Ya cafko tela ta hammata ya jawo shi, su biyun suna tari suna dariya, babu tafinta.

Da muka je cin kifi kafin mu koma, aka kawo tire ɗaya. Yaro ya ɗebi nasa zai koma wani teburi, tela ya kama masa hannun riga.

"Zauna. Wanda ya riƙe ni ta hammata, wace kunya ta rage?"

Ya zauna a ɗarare. Ya kai loma ɗaya, sannan ya dubi tela, shi kansa, ba ni ba.

"Baba, wallahi ni na san kilon tun a asibiti."

Tela ya tura masa kan kifin gabansa ya ce, "Ci abincinka."