Ƙanƙara a Cikin Bargo

Jiya wani mai babur ya wuce ni da ƙanƙara a buhu, ruwa na ɗiga a kan taya, sai wata tsohuwar kunya ta taso mini.

Azumin bazara ne, ina 'yar firamare a Ruma. Kakata ta tsufa, ga zafi kamar a gasa mutum, amma ta ƙi ajiye azumi. Kawu kan aiko mata da guntun ƙanƙara daga Batsari, Inna ta naɗe cikin tsohon bargo ta tura ƙarƙashin gado. Ni kuwa na san bargo, shi ke sa ni gumi. Ban tambayi kowa ba, don tun ina ƙarama ba ni da wannan haƙurin. Na warware, na ɗora ƙanƙarar a faranti inda iska ke kaɗawa, wai taimako nake. Kafin magariba ta zama ruwa mai ɗumi. Inna ta ɗauko muciya, Kaka ta hana. Ta sha ruwan a haka, ta ce, "Ƙyale ta, tausayina ta ji."

Ba wanda ya gaya mini dalili. Na dai daina taɓa bargon.

A sakandare a Safana ni ke zuwa ta ɗaya a darasin kimiyyar fizis, don hadda ba ta ba ni wuya. Sai aka turo mana wata ɗaliba mai koyon malanta. Ba ta fara da allo ba. Ta ce an koya masu su fara jin abin da yaro ya zo da shi daga gida. Ta tambaya wacce za ta riga narkewa, ƙanƙarar cikin bargo ko ta fili.

Na riga kowa ɗaga hannu. "Ta bargo mana, Malama, ai zafi gare shi."

Ni fa, da na ga akasin haka da idona! Rabin ajin ma suka bi bayana. Ba ta yi dariya ba. Ta cusa ma'aunin zafi cikin bargo, muka jira, bai motsa ba. Ashe bargo ba ya haifar da zafi, tare shi kawai yake yi. Na sunkuyar da kai, duk makin nan nawa bai taɓa abin da ke cikin kaina ba.

Yanzu ina yi wa yaran unguwa darasi da yamma. Har yau in yaro ya ba da amsar kuskure, bakina na saurin cewa ba haka ba ne. Wani lokaci nakan riƙe shi, in tambayi yaro me ya sa ya ce haka. Galibi ba na riƙewa. Sai yaron ya kwafe abin da na rubuta, ya koma gida da abin da ya zo da shi a kansa.