Kwalbar Barira

A shekarar 1996 Abdulsalami ya fara ganin Barira, a kasuwar Gwaram, tana sayar da daddawa. A lokacin motar garinsu Basirka guda ce, direbanta kuma ya san kowa da sunansa. Bayan kaka suka yi aure. Ta haifi bakwai, biyu suka koma, ba ta taɓa barin dafa kalwa ba.

A 2021 jini ya ɓalle mata, ya ɗauke ya dawo, har wata goma sha huɗu. A asibiti a Birnin Kudu aka yanki ɗan guntun nama aka gwada. Likita ya ce ƙari ne a bakin mahaifa, daga rigar jijiya ya tsiro, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Yawancinsu ba sa yaɗuwa, amma wani ciwon daji ne. Sai an cire shi duka an auna a Kano za a tabbatar.

Aka cire mahaifar. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Abdulsalami kwalba mai ɗauke da ƙarin cikin leda, ta ce a kai Kano.

Wansa Hambali ya leƙa ledar.

"Naman matarka za ka shiga motar haya da shi, kamar mai tallan balangu? An cire ciwo, an gama. Wannan ƙasa ce suturarsa."

Abdulsalami bai yi musu ba. Ya koma Basirka, ya haƙa rami a bayan ɗaki inda ake binne mabiyiya, ya sa kwalbar, ya rufe.

Bayan sati shida likita ya nemi sakamakon. Da ya ji abin da aka yi, sai ya ajiye biro.

"Baba, yanzu ba wanda zai iya gaya muku ko wane iri ne. Ta riƙa zuwa duk wata shida."

Barira ta gyara mayafinta, ta tambaya ko za ta iya komawa daka. Ba ta tada wa Abdulsalami maganar kwalbar ba, a mota ko a gida.

Da damina ya lura ba ta taɓa abincin rana. Ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya kasa tambayarta. Sai ya tari 'yarsu Nasiha a zaure.

"Ramuwa Inna take yi, Baba. Azumin da ta sha lokacin jinin. Ta ce ba ta san ko za ta ga wani watan azumi ba."

"Saura nawa?"

"Jiya ta cika. Kwana talatin da huɗu."