Yadda Na Jinginar Da Gadon Iya Risikatu

'Ya'yana, a da ni mai tallar atamfa ce gida-gida a Fagge, uwar yara huɗu. Da girmana na shiga makarantar yaƙi da jahilci, shi ya sa duk matar da takarda ta zo wa a layinmu ni take kira. Amanar nan ita ce jarina, ita kuma na ci.

Da kakar zaɓe ta ƙarato, aka naɗa ni shugabar mata ta wani ɗan takara da ake ce wa Honorabul. A ofishinsa na haɗu da Malam Sabo, dillalin hannun jari da ke da shago wajen Bata. In yana magana carbinsa yake kallo, ba idonka ba. Tun ranar hankalina bai kwanta da shi ba, amma na zauna.

"Hajiya," in ji shi, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, "akwai matan da mazansu suka rasu suka bar musu hannun jarin banki, yana kwance a ƙasan akwati. Ba sayarwa za mu yi ba, jingina ce. Masu ba da rance su riƙe, su ba mu rabin darajarsa, Honorabul ya yi kamfe. In ya ci, ya biya, kowace ta karɓi abinta."

Na ce, "In farashin ya faɗi fa?"

"Sai su ce a ciko. In ba a cika ba su sayar. Amma wa ya ce zai faɗi?"

Ya turo mini ambulan, daidai kuɗin makarantar babbar 'yata. Na yi mamakin inda ya sani. Ban tambaya ba.

Da Iya Risikatu na fara, tsohuwar ƙawar mahaifiyata Hansatu a Sabon Gari. Da ribar hannun jarin mijinta take sayen maganin hawan jini. Na ce mata rajistar tallafi ce, amma sai an ga takardun marigayi. Ta daɗe tana kallona.

"'Yar nan, yaushe ɗan siyasa ya fara neman takardar matacce? Ko shi ma zai jefa ƙuri'a ne?"

Na yi dariya. Ta ce in karanta mata. Na riƙe takardar jinginar, na karanta abin da babu a ciki da sanyin muryar nan tawa. Ta miƙo babban yatsa, na dangwala mata da hannuna. Da sauran mata suka ji Iya ta yarda, ba su ko tambaya ba.

Da kuɗin aka sayo taliya da sabulun rabo. Ni na kai wa Iya nata kason, ta raka ni har bakin ƙofa.

Honorabul ya sha ƙasa, bai jima ba ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar da yake zagi. Farashi ya sauka, masu rance suka nemi ciko, ba wanda ya ɗaga waya, suka sayar. Malam Sabo ya ɓace. A kotu babu sunansa, babu na Honorabul. Nawa ne a gurbin shaida a kowace takarda. Ni aka ɗaure.

Ina gidan yari 'yar tawa ta bar makaranta, ta koma rainon ƙannenta.

Da aka sake ni, gidan Iya na fara zuwa. Na tarar ɓarin jikinta ya shanye, don magani ya yanke. Na durƙusa na nemi gafara. Da ƙyar maganarta ke fita.

"Na sani tun ranar. Takarda shafi uku, kika gama ta a numfashi ɗaya. Na ce a raina, 'yar Hansatu ce, ba za ta cuce ni ba."

Ta ce ta yafe. Amma har na fita wata jikarta na zaune tana gadin akwatin takardunta.

Na tuba ga Allah, na koma talla, sai dai yanzu a zaure ake karɓar kayana. 'Ya'yana, in aka ce muku ba sayarwa ba ce jingina ce, ku tambayi abin wa za a jinginar, sunan wa kuma zai zauna a ƙasa. In wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda, ku karanta masa duka, har ƙananan rubutun.