Muryar Aro a Bakin Na'ura

"Wai an ce na'urar nan ta jami'a muryar mutum take ara."

"Aro kuwa! Ka yi mata magana kaɗan, ta ƙarasa sauran da bakinka."

"To ni dai kada a kai mata tawa. Ta buga wa maiɗakina waya ta ce gobe ina tafe, wa zai fitar da ni?"

Hajiya Yalwa tana gefe a gidan abincin nan na unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou, tana kurɓar shayi, ba ta sa wa 'yan kasuwar da ke hirar baki ba. Da ta so, da ta ce 'yarta na cikin masu koya wa na'urar Hausa. Amma Surayya 'yar fari ce, kuma a gidan su Yalwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yi tutiya da shi a bainar jama'a.

Da tallar ɗankunne a gidajen biki Yalwa ta fara, har ta kai ga shago a Kantin Kwari. Yanzu Guangzhou take zuwa saro abaya da mayafai. Ta iya ciniki da yatsu da kalkuleta, ta san in mai shago ya ce "mei yo", babu ke nan. Surayya kuwa a ɗakin kakarta ta tashi. "Yaya" take ce wa uwarta, uwar ta ce mata "ke", in ba ta kusa ta ce "waccan". Ranar da ta samu gurbin karatu a China ma, abin da Yalwa ta ce kawai, "To, a dai riƙe salla."

A wannan zuwan ne Surayya ta roƙe ta.

"Yaya, muryoyin maza sun yi mana yawa. Na'urar ta koma magana kamar dillalin kaya. Ki zo ki ba mu taki."

Jami'ar ta yi wa Yalwa kama da garin da ake gani a mafarki. Itatuwa sun sako jijiyoyi daga sama kamar gemun dattawa. Tafki ya cika da bado, ruwan sama ya ɗauke amma ganye bai daina ɗiga ba. Ɗalibai na wucewa a kan kekuna shiru, wani ɗan akwati mai taya yana tafe shi kaɗai da abincin wani a cikinsa, har ya tsaya ya ba ta hanya. Ta ce masa sannu kafin ta tuna ba mutum ba ne.

Aka sa ta a wani ɗaki mai bangon soso, inda ko numfashinta take ji. Ta yi gaisuwa, ta yi ciniki da iska, ta ba da labarin yadda ake turara atamfa. Ta cikin gilashi tana hango 'yarta, kunnuwa a toshe da abin saurare, tana bin kowace kalma tata. Rabon da wani ya saurare ta haka, ta manta.

Da aka gama, Surayya ta rubuta wani abu a kwamfuta. Sai ga muryar Yalwa ta fito daga bango, har da 'yar dishewar nan tata: "Sannunku da aiki." Ita kuwa ba ta buɗe baki ba.

Malamar Surayya, wata 'yar China mai furfura, ta yi dariya ta faɗi wani abu.

"Me ta ce?"

"Wai in sa ta kira sunana, a ji."

Malamar, baiwar Allah, ba ta san al'adar ba. Surayya ta yi murmushin da bai kai ido ba, yatsunta suka tsaya a kan madannai. Can suka motsa. Yalwa ta iya boko daidai karanta rasit, ta ga harafin farko ya fito, na biyu ya biyo shi.

Ashe yarinyar nan tana so ta ji. Tun yaushe? Kuma yanzu bango ne zai riga ta kiran sunan, da muryarta, ba da kunyarta ba, ba da naƙudarta ba.

Yalwa ta gyara mayafi.

"Ke, ɗauke hannunki daga nan. Roƙi malamar nan ta ɗan ba mu wuri, ki turo ƙofar, ki zo nan kusa da ni."