Iskar Keken Baba

Anka

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na turo keken zuwa tasha. Na gwanjo ne, irin na hawan duwatsu, mai shokozoba ta iska a ƙafar gaba. Baba na saya wa. Tsohon kekensa ya gama masa da wuyan hannu a hanyar gona, har Inna ta rantse in bai sami sauƙi ba, bana sai dai ya zauna gida. Wanda kuwa ya san Baba ya san hana shi gona ɗauri ne.

Direba bai tashi ba sai da gari ya waye sarai, bakwai saura kwata. Shinge uku muka wuce, a kowanne sai an leƙa but an yaba keken.

Nasarawar Burkullu

Tara da minti goma tayar motar ta yi faci a nan ƙasar Bukkuyum. Aka sauke kaya, na tafi neman kunu da ƙosai. Dawowata na tarar mai faci ya gano bawul ɗin shokozobar, ya ɗura mata iska har ta sandare.

"Na ga tana lotsawa, shi yas sa nig gyara maka. Kyauta."

Haushi kamar ya kashe ni, amma yaya za ka yi da mai kyauta? Na yi godiya.

Gummi

Sha ɗaya muka iso. Baba ko gaisawa bai bari mun gama ba, ya hau ya zagaya ƙofar gida, ya sauko yana murza hannu, wai wannan da tsohon duk kanwar ja ce. Inna ta yi mini kallo irin na ai na faɗa.

Na ciro ɗan famfon shokozobar, na ɗaura zare a sandarta. Na bayyana musu cewa iskar daidai nauyin mahayi ake sa ta, in ya zauna sai zaren ya matsa kamar faɗin babban yatsa. Na rage ta daidai Baban da na sani, mai saɓa buhun gero shi kaɗai. Ya zauna, zare ko motsi. Na sake ragewa. Sai a karo na huɗu ya matsa. Ashe babbar riga ce ta ɓoye mini ramarsa.

Ya lura da ni. "Mi kaka kallo? Wanda yaƙ ƙera ta ya san mutum na raguwa."

Bayan la'asar ya tafi gona a kai, ya dawo yana waƙa, ya shimfiɗa wa Inna hannuwansa ta gani. Ta duba, ta ce ya je, amma ba za a ƙara mayar mata da kwano da saura ba.

Komawa

Washegari Inna ta rako ni zaure, ta rage murya. "Taho da hwanhwon nan da kaka. In Allah ya so, ƙara iska za ka yi."

Azahar ta yi mini a Anka lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa direba da mai faci, ya kuma cika wa Inna burinta.